Mahaɗin Salak na Sitiroberi da Khal ɗin Balsamik: Inda Daɗinsa Yake da Inda Ake Ɓata Shi

A ƙasashen Turai da Arewacin Amurka, da zarar watan Mayu ya raba tsakiya sai kasuwannin manoma su cika da sitiroberi. Daga nan har cikin Yuli farashinsa yakan sauko, ƙamshinsa kuma ya kai inda ba ya kaiwa a sauran watannin shekara. Lokacin ne kuma zafi yake hana mutane doguwar tsayuwa a gaban murhu, abincin rana ya koma ɗanyen ganye da ɗan cuku da yankan kaza mai sanyi. A tsakanin waɗannan biyu ne wani mahaɗin salak ya sami gindin zama a gidajensu: a niƙa sitiroberi, a gauraya shi da khal ɗin balsamik na Italiya da man zaitun, a yaryaɗa a kan ganye. Aikin minti goma ne, kayansa ba su wuce bakwai ba. Duk da haka, galibin abin da ake zuba wa salak da wannan suna, na kwalba ne ko na gida, zaƙi ne yake rinjayarsa, har mutum ya ji kamar alewa aka narkar a kan latas.

Dalilin a fili yake. Sitiroberi yana da zaƙi da tsami, balsamik ma haka. Idan aka haɗa su, sannan aka bi umarnin littattafan girki da yawa aka ƙara zuma cokali ɗaya ko biyu, an tara masu zaƙi uku ke nan a kwano guda, babu mai ja musu linzami. A ganina duk maganar wannan mahaɗi a nan ta ƙulle. Nunar 'ya'yan itacen ita ce take yanke wa sauran kayan ma'auninsu, kuma aikin mai haɗawa shi ne ya kare su daga zaƙin da zai binne ƙamshinsu. Amma kafin a kai ga cokali da kwano, ya kamata a san kayan ɗaya bayan ɗaya, domin biyu daga cikinsu suna da dogon labari, kuma labarin ya shafi abin da mutum zai ɗauko a kanti.

Tushen haɗin na Faransawa ne, abin da suke kira vinaigrette: khal kashi ɗaya, mai kashi uku, gishiri, masoro, sau da yawa da ɗan mustad. Khal ɗin ci yana ɗauke da sinadarin tsami wajen kashi 5 zuwa 7 cikin 100, sauran kusan duk ruwa ne, kuma kowa ya san ruwa da mai ba sa ga maciji. In aka kaɗa su da ƙarfi, man yakan tarwatse ya zama ƙananan ɗigo suna yawo a cikin ruwan, haɗin ya yi kauri. Da an ajiye kwanon sai ɗigon su fara neman juna, kafin 'yan mintuna mai ya taso sama, khal ya kwanta ƙasa. Mahaɗin da ya rabu haka ba ya kama ganye daidai. Man yakan manne a jikin latas, khal ɗin ya zurare gindin kwano, wanda ya fara ɗiba ya ci maiƙo, na ƙarshe ya sha tsami. Saboda wannan ne ake sa mustad: ɓawon ƙwayarsa yana da wani yauƙi da ke shiga tsakanin ɗigon mai ya hana su haɗewa da wuri.

Shigowar sitiroberi tana sauya wannan lissafi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, amma ruwa ne mai tafe da tsoka. Idan aka niƙa shi, ɓarɓashin naman da sinadarin pektin, wanda shi ne ke sa jam ya kama jikinsa, suna ba haɗin kauri, su riƙe man a warwatse. Shi ya sa mahaɗin sitiroberi yakan jima a haɗe fiye da na khal da mai zalla, kuma ba ya bukatar mai kashi uku. Ninki biyu na khal ya isa, wani lokaci ma ƙasa da haka. Mai lura da abin da yake ci zai ga ribar, domin babban cokali ɗaya na man zaitun yana da kalori wajen 120, alhali giram 100 na sitiroberi bai wuce 33 ba. Sannan yana zuwa da nasa tsamin, irin wanda ke cikin lemo amma mai sauƙi, don haka ko khal ɗin ma ba a bukatar mai yawa.

Shi balsamik ɗan garuruwa biyu ne maƙwabta, Modena da Reggio Emilia, a yankin Emilia-Romagna na arewacin Italiya, yankin da cukun nan na Parmigiano Reggiano ya fito. Wani malamin coci mai suna Donizone, wanda ya rubuta tarihin gidan sarautar Canossa a farkon ƙarni na 12, ya ba da labarin cewa a shekarar 1046 Sarki Henry na Uku na Jamus, a hanyarsa ta zuwa Rum don a naɗa shi, ya aika wa Boniface na Canossa yana neman wani khal da ya ji ana yabo. Ko wancan khal ya yi kama da na yau ko bai yi ba, sunan balsamik kansa ya bayyana a rubuce a 1747, cikin kundin ɗakunan ajiya na sarakunan gidan Este masu mulkin Modena.

Na gargajiya, wanda takardarsa ke cewa Aceto Balsamico Tradizionale, abu ɗaya ne tak a cikinsa: ruwan inabi da aka matse aka dafa. Inabin yankin ake amfani da shi, musamman Trebbiano da Lambrusco. Akan dafa ruwan a buɗaɗɗiyar tukunya na sa'o'i masu yawa har ya ragu sosai, ya yi duhu da kauri. Sannan a bar shi ya yi tsami, a zuba shi a jerin gangunan katako, galibi biyar ko fiye, kowace ta fi ta bayanta ƙanƙanta, kuma da ice daban-daban aka sassaƙa su, har da na ceri da na mulberi da na junifa, kowane yana barin nasa ƙamshin. A ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida ake jera su, inda zafin bazara yake ƙafar da ruwan, sanyin hunturu kuma ya sa gurɓin ya kwanta. Sau ɗaya a shekara ake ɗibar kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike gurbin daga wadda ke bi mata, haka har a kai ga babbar, wadda ita ce ake ciyarwa da sabon dafaffen ruwa. Doka ba ta yarda a sayar da shi da wannan suna ba sai ya shekara 12, mai shekara 25 kuma darajarsa daban. A da iyalai sukan kafa sabon jerin ganguna idan an haifi 'ya mace, ya girma tare da ita, ya shiga cikin kayan da za ta tafi da su gidan miji. Tarayyar Turai ta ba shi kariyar asali, wato alamar DOP, a shekarar 2000. Na Modena a kwalba mai cin mililita 100 kacal ake sayar da shi, wadda Giorgetto Giugiaro, shahararren mai zanen motoci, ya tsara siffarta, kuma kuɗinta yakan haura Yuro 50.

Wannan ba na mahaɗin salak ba ne. Mutanen Modena da kansu ɗigo-ɗigo suke sa shi, a kan gutsuren tsohon cuku, ko a kan nama bayan an sauke, ko a kan yankakken sitiroberi a ƙarshen cin abinci. Daga wannan al'ada ta ƙarshe aka san su biyun suna jituwa, tun kafin Amurkawa, waɗanda balsamik ya fara yaɗuwa a kantunansu daga ƙarshen shekarun 1970, su mayar da haɗin na salak. Duk wanda ya zuba khal mai shekara 12 a bilenda tare da mai da mustad ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma tozarta aikin wanda ya yi renonsa, domin siririn ƙamshin katakon da ya biya dominsa ba zai tsira ba.

Wanda ake bukata shi ne ƙanensa, Aceto Balsamico di Modena mai alamar IGP, da ya sami tasa kariyar a 2009. Shi haɗi ne na dafaffen ko tattararren ruwan inabi da khal ɗin inabi, ana tsuma shi a katako na aƙalla kwana 60, wanda ya shekara uku kuma a rubuta masa invecchiato. Tsaminsa yakan kai wajen kashi 6 cikin 100, kuma doka ta yarda a sa masa ƙonannen sukari har kashi 2 cikin 100 don daidaita launi. Da miliyoyin litoci ake yin sa kowace shekara, mafi yawa don kasuwannin waje, alhali na gargajiya da dubbai ake ƙirga shi. A ƙarƙashin wannan alama guda akwai mai kyau ƙwarai, akwai kuma mai ruwa-ruwa da kaifin tsami, kuma hanyar bambance su tana bayan kwalba. Ana jera kayan haɗi ne bisa yawansu. In ruwan inabi ne ya zo farko, wanda suke rubutawa mosto, khal ɗin zai yi kauri da zaƙi mai zurfi. In khal ne a gaba, zai fi kaifi. Dukansu suna yin aikin, sai dai na farkon ba ya bukatar zuma ko kaɗan.

Akwai kuma tarkon suna. A watan Disamba na 2019 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, a wata shari'a tsakanin ƙungiyar masu khal na Modena da wani kamfanin Jamus, cewa kariyar ta shafi cikakken sunan ne, ba kalmar balsamico ita kaɗai ba. Ke nan ganin kalmar a gaban kwalba ba shaida ba ce ta komai; alamar IGP da jerin kayan haɗi su ne abin dubawa. Haka nan wanda ake sayarwa a robar matsawa, mai kauri sosai, da sunan crema: galibi an ƙara masa sukari da abin kauri, don yi wa faranti ado aka yi shi, kuma babu abin da ya kai shi saurin lalata wannan mahaɗi.

Mai karatu Musulmi zai ga an rubuta aceto di vino a takardar, wato khal ɗin giyar inabi, ya dakata, kuma dakatawar tana da hujja. Kowane khal, na tuffa ne ko na rake ko na dabino, ta hanya ɗaya yake samuwa: yis ya mayar da sukari barasa, sannan wasu ƙwayoyin bakteriya su mayar da barasar tsami. Malamai ba su yi saɓani ba a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta tsarkaka, kuma akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci. Saɓanin yana kan wadda mutum ya sa hannu ya juyar da ita. Hanafiyya sun halatta, Shafi'iyya da Hanbaliyya sun tsananta. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma suke bi, Mukhtasar na Shehu Halilu ya lissafa giyar da aka mayar khal cikin abubuwa masu tsarki. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, ko ya nemi kwalba mai shaidar halal. Inda ya fi cancantar a zuba ido shi ne mustad, domin wasu nau'o'in na Dijon ana sa musu farar giya kai tsaye, kuma a rubuce yake a jikin kwalbar.

Shi kuma sitiroberin da muke gani yau, babba mai ja, bai cika shekara 300 a duniya ba. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa, Amédée-François Frézier, wanda aka tura leƙen asirin tashoshin jiragen ruwan Sifaniyawa a Chile da Peru, ya dawo gida da tsiro biyar na wani iri mai manyan 'ya'ya da mutanen Mapuche suka daɗe suna nomawa. Duk mata ne, sai suka ƙi bayarwa yadda ake so, har sai da aka dasa su kusa da wasu irin, ciki har da wani ɗan Arewacin Amurka, ƙarami mai ƙamshi. Daga barbarar waɗannan biyu, a Faransa a tsakiyar ƙarni na 18, aka sami kakan kusan duk sitiroberin da ake sayarwa yanzu, daga California zuwa Huelva ta Sifaniya zuwa Masar.

Abin da ya fi shafar mai girki a halinsa shi ne ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi. Ayaba da mangwaro ana iya cire su da ɗanyensu su nuna a ɗaki. Shi kuwa sukarin da yake da shi ranar da ya rabu da uwarsa shi ke nan, sai dai launin ya ɗan ƙara duhu. Manomin da zai aika kaya nesa dole ya tsinke shi da sauran tauri, shi ya sa ake samun manya jajaye a kanti, a yanka a tarar da tsakiyar fari fat, babu ƙamshi. Hanci ya fi ido iya zaɓensa. In aka kusanto da kwalin bai yi ƙamshi ba, a bilenda ma ba zai yi ba. Ƙanana masu ja har zuwa gindin ganye sun fi manya masu farar kafaɗa.

Mu a nan ba sai mun jira wanda jirgin sama ya kawo ba. A Jihar Filato, musamman ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, ana noman sitiroberi, haka ma a lambunan kewayen Wagadugu a Burkina Faso. Sai dai kakarsa a wurinmu ba lokacin zafi ba ce. Shuka ce mai son sanyi, da hunturu take bayarwa, daga wajen Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da latas da lansir da kokwamba suke fitowa daga lambuna da fadamu. Salak ɗin bazarar Turawa, a Jos da Kano da Abuja na lokacin sanyi ne. Kuma mai wannan haɗi yana da wata riba da mai jera 'ya'yan itace a faranti ba shi da ita. Doguwar tafiyar mota ba tare da sanyi ba takan sa wani kaso ya yi laushi ya fara tsatsafar da ruwa, ya rasa kyan gani. Waɗannan, da yake sun nuna sosai, su ne suka fi dacewa da niƙa, muddin babu fumfuna ko warin tsami a jikinsu. Wanda ya fara fumfuna kuwa a jefar da shi dungurungum, kada a yanke gefe a yi amfani da saura, domin namansa mai laushi ne, fumfunar tana ratsa ciki inda ido ba ya gani.

Ga ma'aunin da nake ganin ya dace a fara da shi, wanda zai ishi babban kwanon salak na mutum shida har a yi saura: sitiroberi giram 150, wato matsakaita takwas zuwa goma, balsamik babban cokali biyu, man zaitun babban cokali huɗu, mustad ƙaramin cokali ɗaya, gishiri ɗan ƙasa da rabin ƙaramin cokali, da masoro da aka daka a lokacin. Babu zuma a ciki tukuna.

A wanke sitiroberin da ganyensa a ka, domin in an cire kafin wanki ruwa yakan shige ciki ya sa shi ya yi salam. A tsane shi a kan tsumma mai tsabta, a cire ganyen, a yanka gida huɗu, a barbaɗa gishirin, a zuba khal ɗin, a rufe a bar shi minti 15 zuwa 20. Wannan jiran shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma ya fi kowane amfani. Gishiri yana jawo ruwan 'ya'yan waje, naman ya yi laushi, ƙamshin ya fito ya shiga khal, gishirin kansa kuma ya narke, abin da ba zai yi a cikin mai ba. In ana son albasa, rabin ƙaramar ja ya isa, a yanka ta siriri a jefa a wannan lokaci, tsamin ya kashe mata yaji. Tafarnuwa kuwa ban ga wurinta a wannan haɗi ba. Ƙarfinta yana danne 'ya'yan itacen, kuma kwana ɗaya ya ishe ta ta mamaye kwalbar.

Sai niƙa. A juye a bilenda tare da mustad a niƙa har ya yi sumul. Wanda ba shi da bilenda, ko aka ɗauke wuta, cokali mai yatsu ko ƙaramin turmi ya wadatar, sai dai haɗin zai fito da gudaji, kuma wasu ma sun fi son sa haka. 'Yan ƙwayoyin da ke jikin fatarsa ba sa niƙuwa. Mai son laushi sai ya tace da rariya. Man ya fi kyau a zuba shi daga baya, kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da hannu, ko a haɗa duka a kwalba mai murfi a girgiza da ƙarfi. Man zaitun na matsar farko, wanda ake rubuta wa extra virgin, yana ɗauke da wasu sinadarai masu ɗaci da maiƙo ke ɓoyewa, kuma masu girki da yawa sun lura cewa wuƙar bilenda mai gudu takan fito da ɗacin fili. In man da ke hannu mai ƙarfin ɗanɗano ne, irin mai kartar maƙogwaro, a sirka shi rabi da rabi da mai marar ƙamshi, hakan ma yana rage tsada. Man gyaɗa na gida, mai ƙamshin suya, a kwaɗo babu kamarsa, amma a nan zai yi kokawa da sitiroberi, kuma man ne zai yi kaye.

Daga nan harshe ne zai karɓi aiki daga hannun ma'auni. Kada a ɗanɗana da cokali. A tsoma ganyen latas a ci, domin abin da ya yi ƙarfi a cokali yakan yi daidai a kan ganye mai ruwa. In an ji shi lami, to gishiri ne ya yi kaɗan, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɗauka zaƙi ne ya gaza su kai hannu ga zuma. A fara da ɗan gishiri, yana danne ɗaci ya ɗago zaƙin da ke cikin 'ya'yan tun asali. In tsami ya yi kaifi har yana kama muƙamuƙi, a ƙara mai cokali ɗaya, ko a niƙa sitiroberi biyu a ƙara. Sai an yi duk waɗannan tsamin bai risina ba, alamar 'ya'yan ba su nuna ba ko khal ɗin mai ruwa-ruwa ne, sannan zuma ta shigo, ita ma rabin ƙaramin cokali, a ɗanɗana kafin a ƙara. In kuwa zaƙi ne ya yi yawa, kamar yadda yakan faru da balsamik mai kauri, 'yan ɗigon lemun tsami da ƙarin masoro za su miƙar da shi. Kada a yi rowar masoro. Zafinsa da ƙamshinsa ne suke riƙe haɗin a sahun abinci, su hana shi zamewa cikin kayan zaƙi.

Hannun da ya saba da miyar yakuwa zai iya tunawa da kanwa don kashe tsami. Kada a kusanto da ita. Jan launin sitiroberi daga wani sinadari ne da ke riƙe jansa a cikin tsami kawai. Da kanwa ta taɓa shi sai ya dusashe ya koma toka-toka, ɗanɗanon ya gurɓace, tsamin da ke taimaka wa haɗin ya ɗan jima kuma ya tafi. Ko ba kanwa ma launin yakan ba wasu mamaki, domin balsamik baƙi ne, haɗin ba ya fitowa ja zur sai dai ja mai sirkin ƙasa-ƙasa, kuma haka ya kamata ya zama. Mai son ruwan hoda mai haske don baƙi ko biki, akwai farin balsamik, wanda ake tattara ruwan inabinsa a ƙaramin zafi don kada ya yi duhu. Ɗanɗanonsa bai kai na baƙin zurfi ba, kuma akan rubuta masa condimento.

Sitiroberi mai farar tsakiya ma ba a yanke masa ƙauna ba. A yanka shi biyu, a yayyafa masa khal cokali ɗaya, a gasa a obin mai zafin digiri 190 zuwa 200 na minti 15 zuwa 20. Ruwa zai ƙafe, ɗan zaƙin da ke ciki ya tattaru. Zai rasa ƙamshin ɗanye, amma mahaɗin da ya fito daga gare shi ya fi dacewa da salak mai gasasshiyar kaza ko nama. Daskararre na kanti shi ma yana aiki, domin galibi da nunarsa ake tsinke shi, sai dai yana bukatar kula. A 2012 mutane kusan 11,000 a Jamus, mafi yawansu yara 'yan makaranta, suka kamu da amai da gudawa ta ƙwayar norovirus, aka bi sawu aka tarar daga daskararren sitiroberi da aka shigo da shi ne. Daskarewa ba ta kashe irin wannan ƙwaya, tsamin khal ma ba abin dogaro ba ne. A tafasa daskararren na 'yan mintuna, a bar shi ya huce. Ɗanye kuma, da yake daf da ƙasa yake nuna, shi da ganyen salak duka a wanke su da ruwan da za a iya sha.

Mahaɗi mai zaƙi-zaƙi yana neman abokin da zai yi masa gardama. A Amurka an fi zuba shi a kan ɗanyen alayyafon Turawa mai laushi, da yankan sitiroberi, da cukun akuya ko na feta, da 'ya'yan pekan ko walnut da aka gasa, da jar albasa. Cuku yana kawo gishiri da maiƙo, 'ya'yan itacen da aka gasa su kawo ƙaras-ƙaras da ɗan ɗaci, albasa ta kawo yaji. Inda Amurkawa suke kuskure shi ne su lulluɓe pekan ɗin da sukari, su ƙara busassun 'ya'yan itace masu zaƙi a kai. Ganye mai ɗan ɗaci ko yaji ya fi latas zalla karɓar wannan mahaɗi. Italiyawa suna da rucola, wanda Larabawa da mutanen Sudan suke ci da sunan jarjir. Mu kuma muna da lansir, dangi ɗaya ne da shi da mustad, mai irin yajin nan da ke hawa hanci. Latas kashi biyu, lansir kashi ɗaya, da kokwamba, da fiya, da soyayyar gyaɗa ko kashu da aka ɓarza, da yankan kaza ko soyayyen cuku: wannan kwano bai rasa komai ba. Tumatir ne kawai nake ganin a bar shi gefe, domin ruwansa yana tsinka mahaɗin, tsaminsa kuma yana gogayya da na sitiroberi.

Ganyen ya tsane sarai bayan wanki, in ba haka ba mahaɗin zai zame daga jikinsa. Kuma kada a zuba sai an zauna ci, domin gishiri yana zuƙe ruwan ganye, mai kuma yana ratsa fatarsa ya sa shi duhu da yaushi cikin 'yan mintuna. Babban cokali ɗaya zuwa biyu ga kowane mutum ya isa, a juya a hankali har kowane ganye ya yi sheƙi ba tare da ruwa ya taru a gindin kwano ba.

Na khal da mai zalla yakan daɗe a ajiye, amma wannan akwai ɗanyen 'ya'yan itace a cikinsa, kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa a firiji mai sanyi, cikin kwalbar gilashi mai murfi. Inda wuta ba ta tsayawa, a raba ma'aunin biyu a yi na ci ɗaya. Man zaitun yakan daskare a sanyi, sai a fito da kwalbar minti goma kafin ci a girgiza. In aka ga kumfa, ko murfin ya yi tsit da iska lokacin buɗewa, ko aka ji warin barasa, ya fara lalacewa, a zubar.

Balsamik ba a kowane gari ake samunsa ba, kuma inda yake yana da tsada. Khal ɗin tuffa, wanda ya fi yawa a shagunanmu, yana iya tsayawa a gurbinsa in aka niƙa dabino ɗaya mai laushi a ciki don ya ba shi duhu da zaƙi mai nauyi. Abin da zai fito mai daɗi ne, ko da yake ƙamshin dafaffen inabi ba ya ciki. Idan kuma Maris ya wuce sitiroberin Filato ya ɗauke, zafinmu na gaske yana shigowa ne da mangwaro. Hanyar ɗaya ce, ma'aunin ne zai sauya. Nunannen mangwaro ya ninka sitiroberi sukari fiye da sau biyu, tsaminsa kuma kaɗan ne, don haka sai a rage balsamik zuwa cokali ɗaya, a cike ɗayan da ruwan lemun tsami, a sa ɗan garin barkono tare da masoro, a zaɓi irin da ba shi da zare ko kuma a tace bayan niƙa.